Daga Bakin Janareto

Ni ke kula da wuta a filin Mabera
daren da Labbo ya zo da gurminsa daga Kware.
Wurina can baya ne,
tsakanin jarkar mai da igiyar lasifika,
inda kiɗa ke iso mini rabi-rabi,
hira kuwa ta iso cikakkiya.

Na daɗe ina jin haushin abin.
Mutum ya biya ɗari biyar a bakin ƙofa,
ya sami benci, ya gyara hula,
Labbo na ɗaga murya, shi ma ya ɗaga tasa.
In surutu ka zo yi, me ya hana ka zama gida?

Sai na bar ƙorafi, na kasa kunne.

Ga Nomau da Arzika, dillalan albasa,
wata bakwai ba sa ga maciji
kan buhu goma da suka ruɓe a hanyar Gada.
Sun zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa na duban gaba.
Da kiɗa ya yi zafi Nomau ya sunkuya:
"Kuɗɗin nan hwa, ka bar su."
Arzika ya ce, "Mi kac ce?"
Ya ji sarai. So yake a maimaita.

Ga Ige da ta sauka daga motar Illela da la'asar,
ta ga ƙanwarta a layi na uku.
Shekara biyu na labari a bakinta:
wa ya haihu, wa ya rasu, rijiyar gidansu ta rufta.
Ka ce ta jira a gama waƙa?
Da asuba motarta za ta tashi.

Ga tsoho Dikko, kunne ɗaya ya mutu,
yana fassara wa jikansa kowane baiti da ƙarfi:
"Wanga da shika yabo, na san shi,
tare munka yi noman taba,
bai kai haka kirki ba!"
Benci uku suka fashe da dariya.
Labbo ya ji daga can sama,
ya mayar da baitin, ya ƙara wa mutumin kirki.

Akwai kuma yaron da ya ɗaga waya sama
yana ihu, "Kina ji? Kina ji?"
Ban san wace ce ba.
Na dai san ba ta jin komai sai shi.

Wajen sha ɗaya da rabi inji ya yi tari,
ya yi na biyu, ya mutu a hannuna.
Fitilu suka ɗauke.
Na zaci yanzu ne hayaniya za ta ci filin.

Tsit.

Nomau ya haɗiye sauran maganarsa,
Ige ta tsaya a tsakiyar sunan wani.
Kowa ya ji muryarsa tsirara
kamar wanda iska ta yaye wa zanan banɗaki.
Ashe kiɗan ne rumfarsu.
Kamar ruwan sama bisa kwano,
shi ke ba mutum damar faɗin
abin da ba ya faɗuwa a fili.

Labbo bai tsaya ba.
Tsirkiya biyu da maƙogwaro guda,
suna ratsa duhu har inda nake durƙushe
ina laluben filogi da hasken waya.
Ban taɓa jin gurmi haka ba,
ni da na shekara shida ina ba shi wuta.

Na ja igiya, inji ya kama.
Haske ya dawo, baki ya buɗe.

Da muna naɗe wayoyi na tambaye shi
ko surutun ba ya ɓata masa rai.
Ya kurkure baki, ya zubar, ya ce,
"Ɗazu da sunka yi shuru,
gabana ne yaf faɗi.
Na zaci sun tahi."